Matakan Samun Takardun Sana'ar Gyaran Na'urar Sanyaya Ɗaki a Bauchi

Mataki na farko shi ne ka samu shaidar ƙwarewa. Bayan ka kammala koyon aiki a wajen ubangidanka, ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Bauchi ka yi rajistar jarrabawar gwajin sana'a, wadda take da daraja uku, ana farawa daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya. A ganina wannan takarda ce ta fi muhimmanci, domin ita ce ke nuna cewa hannunka ya san ɗinkin bututun tagulla, da gano yoyon gas ta hanyar shafa kumfar sabulu a mahaɗa.

Na biyu, ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana yin hakan ta intanet, da lambar NIN da hotonka da adireshin shago. Daga nan ka tabbatar da lambar harajinka, sannan ka biya kuɗin izinin wurin sana'a na jiha.

Na uku, ka nemi horo a kan sarrafa gas. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ta amince da ita, ta sa ana janye R22, wani nau'in gas da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki, sannu a hankali saboda illarsa ga sararin samaniya, ga shi kuma gas ɗin R600a na firji yana kama wuta, don haka kada ka kusanto da wutar walda kafin ka zuƙe shi sarai.

Ka kammala waɗannan kafin watan Maris, lokacin da zafi ke tsananta kuma aiki ke yawa.