Allurar kashe zafi lokacin haihuwa: me take yi wa jariri, kuma me za a kiyaye

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, sau da yawa maigida kan ƙi sa hannu a yi wa matarsa aiki, wai allurar tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri ya tashi dolo. Ana wannan jan ƙafa awanni na wucewa, alhali abin da ya fi illata ƙwaƙwalwar jariri shi ne rashin isasshiyar iska a doguwar naƙuda.

Yawancin aikin ciro jariri ba a sa mace barci. Allurar baya ake yi: ta zauna ta sunkuya, a soka siririyar allura a ƙugu, cikin minti 5 zuwa 10 ƙafafu su yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu. Idonta biyu, da kunnenta za ta ji kukan ɗanta. Abin da ke isa ga jariri na maganin kaɗan ne ƙwarai. Matsalarta ita ce awon jini yakan faɗi, shi ya sa ake ɗaura ƙarin ruwa, a ɗan karkata mace hagu don kada nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya. In ta ji jiri ko tashin zuciya, ta faɗa nan take. Nan ba wurin kunya ba ne. Bayan kwana ɗaya ko biyu wata kan yi ciwon kai mai tsananta in ta zauna, ya lafa in ta kwanta. A gaya wa likita, yana da magani.

Allurar barci sai in ta kama dole, kamar zubar jini mai yawa. Jariri kan fito da kasala, amma tana wucewa. Gargaɗin da hukumar magunguna ta Amurka ta fitar a 2016, cewa maganin sa barci zai iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri, ya shafi barcin da ya haura awa 3 ne, ko wanda ake ta maimaitawa, shi kuwa jariri cikin 'yan mintuna ake ciro shi. In an sa ranar aiki, a bar abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla awa 2. Kunu da fura abinci ne. In kuwa aikin gaggawa ne, a faɗi gaskiyar lokacin da ta ci, don amai na iya faɗawa huhu.

Inda ya fi buƙatar lura shi ne allurar rage zafin naƙuda irin fentazosin ko fetidin. Tana ratsa mabiyiya. In aka haihu cikin awa 4 da yin ta, jariri na iya yin jinkirin numfashi ko ya ƙi kama nono. Don haka kada a kira mai kemis gida ya yi ta. In an yi a ƙaramin asibiti aka tura ku Jahun, Birnin Kudu ko Asibitin Murtala, a rubuta sunan allurar da ƙarfe nawa aka yi.

Maijego za ta iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a rana, da ibuprofen miligiram 400 duk awa 8 bayan cin abinci, sai dai mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini ta fara tambayar likita. Tiramol da kodin kam a guje su: suna bi ta nono. Jaririn da ya wuce awa 4 yana barci, an tashe shi ya kasa tsotso, jikinsa ya saki ko leɓɓansa sun sauya launi, a kai shi asibiti ko tsakar dare ne. A ba shi dakashi tun awar farko, ko da aiki aka yi.

Daga nan sai a bi girmansa a ranakun rigakafi: murmushi wajen wata 2, riƙe wuya wajen wata 4, zama kafin wata 9, tafiya kafin wata 18. In ya makara, a tafi da katin haihuwarsa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi ciwon shawara a makon farko.