Yadda za ka ci abinci a ƙaramin shagon abincin Koriya ba tare da ka faɗa kan naman alade ba

Yawancin 'yan'uwanmu da suka zo karatu ko kasuwanci Koriya ta Kudu, abinci biyu suke juyawa a kai: taliyar leda a ɗaki, sai kuma gidajen abincin Turkawa da 'yan Pakistan na Itaewon, kusa da babban masallacin Seoul. Na Itaewon halal ne, amma aljihun ɗalibi ba zai ɗauke shi kullum ba, kuma ba shi 'yan ƙasar ke ci ba. Abincinsu na gaskiya yana cikin lungu, a shago mai teburi shida ko takwas, inda dattijuwa ɗaya ke girki tana kuma karɓar kuɗi. Irin cimar da ake kira baekban ke nan: shinkafa, romo mai zafi da ƙananan kwanuka na mahaɗi, a kan won 8,000 zuwa 10,000 a wurare da dama. Tsoron alade ne ke hana mutanenmu shiga, kuma tsoron yana da dalili. Ga yadda za ka shiga ka fito lafiya.

Fara da zaɓen shagon, domin a nan rabin aikin yake. Ƙaramin shago a Koriya abu ɗaya ko biyu ya ƙware a kai. Idan ka shiga na masu romon alade kana neman a canza maka girki, ka wahalar da kanka ka wahalar da mai shago. Nemi gidan gasasshen kifi, wato saengseon-gui. A Seoul akwai lungu guda na masu gasa kifi kusa da kasuwar Dongdaemun, hayaƙin gashin ma zai nuna maka hanya, sannan a cikin kasuwar Namdaemun akwai lungun masu dafa galchi, wani dogon kifi siriri, da yaji. Yi amfani da Naver Map ko Kakao Map, sun fi Google Maps sanin lungunan ƙasar nesa ba kusa ba. Za ka ji ana yaba gidajen abincin direbobin tasi, gisa sikdang, saboda araha da cika kwano. Gaskiya ne, amma abin da suka fi shahara da shi soyayyen naman alade ne, don haka ba da su sabon zuwa zai fara ba.

Kada ka je tsakanin sha biyu da ɗaya na rana. Lokacin ma'aikata ne, mai shago ba ta da sukunin sauraron tambayarka. Je ka da sha ɗaya da rabi ko bayan ɗaya da rabi, ka kuma tuna da yawansu suna rufewa daga ƙarfe uku zuwa biyar. Idan ka zauna ba ka ga cokali ba, jawo aljihun da ke gefen teburin, suna ciki tare da tsinkayen cin abinci. Ruwa kai za ka ɗebo wa kanka.

To, yanzu oda. A nan ne na ga mutane suna faɗuwa, kuma kusan kullum hanya ɗaya ce. Mutum zai buɗe manhajar fassara ta Papago a waya ya rubuta "akwai nama a ciki?", dattijuwa ta girgiza kai, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Ba ƙarya ta yi masa ba. A wurinta nama shi ne yankan da ido ke gani. Ham (sarrafaffen naman alade), tsiran alade, niƙaƙƙen naman da aka soya a gindin tukunya, da ruwan ƙashin da aka dafa romo da shi, duk ba ta lissafa su. Na zauna da wani yaro da ya sayi kimbap, naɗin shinkafa da ake yankawa gunduwa-gunduwa, bayan an tabbatar masa babu nama. Sai da ya ci rabi ya lura da siririn jan abu a tsakiyar kowane yanka, tsakanin ƙwai da karas. Ham ne. Daga ranar ya koma taliyar leda, wata da watanni.

Tambayar "halal ne?" ma ba ta aiki a irin wannan shago, don mai yiwuwa ba ta taɓa jin kalmar ba. Tambayoyi uku za ka yi, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta kunna wuta. Ka kira ta da "sajangnim", wato mai shago, sannan ka nuna abin da kake so ka ce "dwaeji-gogi deureogayo?", wato ana sa naman alade? Sai "haem, sosiji ppae-juseyo", a cire ham da tsiran. Ta ukun ita ce wadda kowa ke mantawa: "yuksu mwoyeyo?", da me aka yi ruwan romon? Amsar da kake so ka ji ita ce "myeolchi", busassun ƙananan kifi. Idan ta ce "sagol", ƙashin shanu ne, kuma ba yankan Musulmi ba ne. Haka naman shanu da kazar waɗannan shaguna gaba ɗaya. Wannan kai da malaminka ne, ni dai kifi nake ci in huta.

Akwai wata dabara da ba ta buƙatar ka buɗe baki. Doka ta wajabta wa gidajen abinci su rubuta asalin ƙasar da namansu da shinkafarsu da kimchinsu (kabejin da ake tsumawa da yaji) suka fito, kuma za ka ga allon a bango. Haddace siffar 돼지고기, wato "naman alade" da rubutunsu. In ka gan ta a allon, akwai alade a madafar, kuma sau da yawa an rubuta sunan abincin da ake sa shi a gefe.

Wasu sunaye kuma ba sai ka tambaya ba, wuce kawai: jeyuk-bokkeum, gamjatang, budae-jjigae, sundae, mandu da jajangmyeon. Kimchi-jjigae, romon kimchi, da alade ake yin sa, sai in an rubuta chamchi, mai kifin tuna, shi ma ka tambaya. Sundubu-jjigae, romon awara mai laushi, yana yaudara, don ko mai kayan teku ne wasu na soya niƙaƙƙen alade a ƙasa. Ranar farko ka nemi godeungeo-gui. Kifi ne da gishiri da wuta, ba wani abu. Za a kawo shi a buɗe gida biyu, fatar ta yi ƙuraje ta soyu, mai na tsatsafowa a gefe. Dafaffen kifi mai yaji ya fi shiga da shinkafa, sai dai wasu masu girki na zuba masa ɗan giyar girki, matsul, don kashe ƙarni, saboda haka gashi ya fi kwanciyar hankali. Romon da ya fi zuwa tare da shi doenjang ne, na ruɓaɓɓen waken suya. Duk wanda ya tashi da daddawa ba zai yi baƙunta da warinsa ba. Ka duba farashi kuma: inda aka rubuta lamba 2 kusa da sunan abinci, galibi na mutum biyu ne zuwa sama, ba za a sayar wa kai kaɗai ba.

Ƙananan kwanukan, banchan, kyauta ne, kuma ana ƙarawa idan ka ce "deo juseyo". Amma ka dube su kafin ka kai baki. Soyayyen dankali da naɗaɗɗen ƙwai su ne maɓoyar ham. Wanda ba ka yarda da shi ba, mayar wa mai shagon tun ba ka taɓa ba, ta fi son haka da a zubar. Kimchi da jatan lande mai gishiri ko ruwan kifi ake haɗa shi, ci abinka. Kada ka nemi ƙarin abin da ba za ka cinye ba.

Sauran mai sauƙi ne. Shinkafa da romo da cokali, mahaɗi da tsinke. Kwanon shinkafa yana zama a kan teburi, ba a ɗaga shi, kuma ba a soke tsinke a tsaye a cikinsa, don ya yi kama da abin da suke ajiye wa mamata. Baƙar tukunyar ƙasa da romo ke zuwa a ciki tana tafasa ne har gabanka, kada ka taɓa ta. Ƙarin shinkafa won 1,000 ne, wasu wuraren yanzu 2,000.

In ka gama, kada ka zauna jiran takardar kuɗi. Tashi ka je bakin ƙofa ka biya, ka ce "jal meogeotseumnida", wato na ci da kyau, na gode. Ba a ba da tukuici. Katin banki yana aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe 'yan takardun 10,000 saboda shagunan cikin kasuwa.