Filasta a jikin jariri: kurakuran da aka fi yi

Duk wadda ta taɓa jinyar jariri a asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Zariya ta san filasta. Ita ke riƙe kanula, wato siririyar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, a bayan hannu, ita ke riƙe robar abinci a kumatu. Yawancin raunin da take jawowa wajen cirewa ne, domin fatar jariri ba ta yi ƙwari ba, ta bakwaini kuwa, wanda aka haifa bai kai mako 34 a ciki ba, kamar ɓawon albasa take.

Babban kuskure shi ne fizgewa. Za ka ji ana cewa a cire da sauri kada ya ji zafi. Wannan dabarar manya ce. A jikin jariri saman fatar ne ke bin filastar, a bar wuri ja yana tsattsafo ruwa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. A jiƙa auduga da ruwan ɗumi, a ɗaga gefe kaɗan, a kwantar da filastar baya tana bin jikin fata, kada a ja ta sama. Yatsa ɗaya na danne fatar, ana jiƙawa ana ja sannu a hankali. Minti biyu ko uku ba asara ba ne. Vaseline ma yana sassauta danƙon, sai dai idan za a sake mannawa a wurin, sabuwar ba za ta kama ba.

Wasu kuma sifirit suke gogawa, har da kananzir, wai don danƙon ya fita. Suna ƙona fata, suna kuma ratsa ta su shiga jiki, balle a hunturun Zariya da fata ta riga ta bushe.

Sai naɗe hannu zagaye da filasta, a ja ta tamau. Uwa, ki riƙa duba yatsu: in sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi, ki kira nas nan take. Ki kuma roƙi a yi amfani da filasta mai laushi, a rage yawanta.

A gida akwai ɗaure tsabar kuɗi da filasta a cibiyar da ta ɓullo. Kaka, Allah ya ba ki haƙuri, kwabo ba ya mayar da cibiya. Yawanci da kanta take komawa kafin yaro ya shekara biyar, filastar sai dai ta bar ƙuraje.

In fata ta riga ta saɓule, kada a sa toka ko man goge baki. A wanke hannu, a rufe da tsaftataccen bandeji marar danƙo, a nuna wa ma'aikatan jinya a ranar.