Yadda Ake Gina Labarin Uwa da Bambancin Arziki a Fim Maras Magana

Kafin sauti ya shigo finafinan Amurka a 1927, mai shirya fim ba shi da abin dogaro sai fuska, tufafi da allon rubutu da ke gilmawa tsakanin hotuna. Duk mai son bin wannan salo, da tufafi zai fara.

Fim ɗin baƙi da fari ne, launi ba ya fitowa, don haka tsadar kaya ba a gane ta da kala. Uwar da ta taso cikin talauci a lafta mata ado: zane mai manyan furanni, sarƙa kan sarƙa, hula mai gashin tsuntsu. Matan masu kuɗi kuwa a ba su riga mai sauƙi maras kwalliya. Da sun tsaya waje guda, mai kallo ya gane wadda ake yi wa kallon raini. A kula da jan baki: fim ɗin da aka fi amfani da shi kafin tsakiyar shekarun 1920 yana mayar da ja baƙi, sai fuskar ta yi tsauri.

Allon rubutu shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada ya wuce jimla ɗaya ko biyu, a bar shi har mai karatu a hankali ya gama. Idan ya yi yawa, yana yanke kukan ɗan wasa a tsakiya. Lokacin da uwa ta yanke shawarar rabuwa da 'yarta domin yarinyar ta samu shiga cikin manya, ba a bukatar rubutu ko kaɗan. A kusanto da kyamara ga fuskarta, a daɗe a kai, sannan a nuna hannunta yana ninke rigar yarinyar. Wannan rigar dole ta fito tun farkon labari, in ba haka ba ninkewar ba ta taɓa zuciya.

Sai a gitta wani abu tsakaninsu, taga ko shingen ƙarfe. A fim ɗin Stella Dallas na 1925, uwar tana waje cikin ruwan sama tana leƙen ɗaurin auren 'yarta ta taga.

A wancan zamanin, bayan ɗauka akan rina fim ɗin da kala ɗaya: dare shuɗi, cikin ɗaki ruwan ɗorawa. Kyamarorin wancan lokacin, da hannu ake juya su, sau da yawa ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa. Idan aka haska irin wannan fim a 24, tafiyar uwar mai nauyin zuciya sai ta koma sauri-sauri, mutane su yi dariya a inda ya kamata su yi hawaye.