Yadda Ake Jin Jirgin Ƙasa a Cikin Kiɗa

A Sabon Garin Zariya na tashi, a wani gida da ke dab da layin dogo. In jirgin Kano ya ratso cikin dare, kwanukan innarmu har kaɗawa suke yi a kan kanta. Shi ya sa in aka kunna mini kiɗan da aka ce jirgin ƙasa ne ya haife shi, nakan gane ko makaɗin ya taɓa kwana kusa da dogo ko labari kawai aka ba shi. Ga yadda nake bi da duk wanda ya ce in nuna masa hanya.

Kafin ka kunna komai, ka san sautin jirgin kansa. Tsohon dogo guntu-guntu aka shimfiɗa shi, kuma duk inda guntu biyu suka haɗu akan bar ɗan giɓi, domin ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana. Ƙafafun tarago bibbiyu suke bin juna, to da sun taka giɓin sai ka ji ta-tam, ta-tam. Wannan ne gangar jirgi. Sabbin layuka walda ake yi musu, bugun ya kusa ɓacewa, don haka yaran yanzu sai dai su nemi bidiyon tsohon jirgi a YouTube. Sai usur: in jirgi yana tunkaro ka muryarsa a sama take, da ya gifta sai ta faɗo. Na ukun shi ne tashi da tsayawa, wato yadda yake nishi da ja da ƙyar kafin ya kama gudu.

In kunnenka ya riƙe waɗannan, ka fara da wanda ka riga ka sani. Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya zai tuna rawar da Shah Rukh Khan ya taka a saman jirgi a fim ɗin Dil Se na 1998. A. R. Rahman ne ya tsara kiɗan. Wannan karon ka rufe ido, ka bar rawar, ka bi gangunan kawai. Tafiyar tarago ce tsaf.

Daga nan ka nemi Pacific 231, wanda Arthur Honegger, mutumin Suwizalan, ya rubuta a 1923. Babu waƙa a ciki, taron mabusa da masu goge ne, kuma bai fi minti bakwai ba. Lambar nan lissafin ƙafafun kan jirgi ne yadda Faransawa ke ƙirgawa: jeri biyu a gaba, manya uku masu ja a tsakiya, ɗaya a baya. Ka sa iyafis a kunnuwa biyu, lasifikar waya ba ta fitar da kaurin sautin farko. Ka riƙa buga yatsa a gwiwa kana bin sa. Da farko bugu ɗaya sai ka jira na biyu, can sai su fara matsowa kusa da juna, har yatsanka ya gaza. A ƙarshe ya sake warware su ɗaya-ɗaya, jirgi ya shiga tasha. Ni dai na saurare shi sau uku kafin ya shige ni, karon farko hayaniya kawai na ji.

In kanka ya ɗauki zafi, ka huta da ɗan jirgin ƙauye na Villa-Lobos ɗan Birazil, na 1930. Yana da daɗi, amma ba ya hana ni barci.

Wanda ke hana ni barci shi ne Stimela na Hugh Masekela, mai busa ƙaho ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fara fita a 1974. Ka nemi wanda ya yi a gaban jama'a, mai tsawon kusan minti goma. Da magana yake farawa, yana lissafa ƙasashen da jirgin kwal ke kwaso leburori: Namibiya, Malawi, Zambiya, Mozambik, Lesoto. Ana kai su ramukan zinariya na Johannesburg, su yi aikin da ba ya biyan guminsu. Yana dukan wata ƙararrawar ƙarfe, dukan yana ƙara sauri, sai kuma ya ƙwala usur da maƙogwaronsa. Ranar da na fara jin wannan ƙarar sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna 'yan cirani da muke gani sun cika tarago maƙil, kowa da ɗaurin tabarmarsa. Kada ka saurare shi kana wani aiki.

Na ƙarshe a jerina Different Trains ne, na Steve Reich, 1988. Yana yaro iyayensa sun rabu, ya riƙa zirga-zirga a jirgi tsakanin New York da Los Angeles daga 1939 zuwa 1942. Bayahude ne, sai daga baya ya yi tunanin cewa da a Turai yake a shekarun nan, wani jirgin daban za a cusa shi. Ya naɗi muryar matar da ta raine shi, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgi, ya haɗa da muryoyin waɗanda suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi. Dabarar sauraronsa tana hannunka tun tuni, domin abin da kalangu ke yi ke nan: mutum ya faɗi 'yan kalmomi, goge ya maimaita hawa da saukar muryarsa. Ko ba ka jin Turanci, ka bi gogen, za ka ji magana. Kashi uku ne, kusan rabin awa. A kashi na biyu usur ɗin jiragen Turai yana cakuɗe da jiniyar yaƙi, kuma a nan ne nakan ɗan tsayar da shi, in sha ruwa, sannan in ci gaba.