Yadda Ake Shirya Hutun Hunturu da Dangi a Ɗakunan Katako na Gandun Jiha a Amurka

A Amurka kowace jiha tana da gandayen shaƙatawa da take kula da su da kanta, daban da na gwamnatin tarayya, kuma da yawansu suna da ɗakunan katako da ake bayarwa haya har a tsakiyar hunturu. Wasu daga cikin ɗakunan tsofaffi ne ƙwarai, matasan shirin CCC, wani shirin gwamnatin tarayya na ayyukan kula da dazuzzuka, ne suka gina su tsakanin 1933 da 1942, lokacin da shugaba Franklin Roosevelt yake neman sama wa marasa aiki abin yi. Suna da kyawun gani, amma kyawun gini ba ya ɗumama kaka mai ciwon gwiwa. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa shirya tafiyar dangi, ya auna kowace shawara da mutumin da ya fi kowa rauni a cikin ayarin, tsoho ne ko jariri.

A fara da zaɓen ɗaki, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ɗakunan ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu kicin da banɗaki da ruwan zafi da na'urar ɗumama ɗaki, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai gadaje da tebur. Ƙananan ɗakunan gandayen Minnesota, alal misali, mutum biyar ko shida suke ɗauka, ba su da ruwan famfo a ciki, kuma makewayi yana waje. Matashi zai ɗauki wannan a matsayin abin nishaɗi, amma a tuna da dattijuwar da za ta fita da tocila ƙarfe uku na dare, tana taka ƙanƙara mai santsi. Idan akwai tsofaffi, a nemi ɗaki mai banɗaki a ciki, marar matakala, kusa da inda ake ajiye mota. Ya kamata kuma a buga wa ofishin gandun waya a tambaya ko ana share hanyar ɗakin idan dusar ƙanƙara ta sauka, kuma ko ana rufe famfo a lokacin sanyi.

A ganina ɗakuna biyu ko uku da ke maƙwabtaka sun fi babban ɗaki guda, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru. Mai goyo tana buƙatar inda za ta kwantar da jariri, surukai suna buƙatar sakewa, yara kuma ba za su daina hayaniya ba. Sai a ware mafi girma ya zama wurin girki da hira. Kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki, kuma ba a ƙetare ta.

Kama ɗaki yana son sammako. Jihar New York tana buɗe rajista wata 9 kafin ranar zuwa, Pennsylvania wata 11, Minnesota kuwa kwana 120, kuma ranakun hutun ƙarshen shekara sukan ƙare da wuri. Mutum ɗaya ya biya ta intanet, amma a daidaita rabon kowane gida tun kafin a tashi, don kada maganar kuɗi ta ɓata zumunci daga baya.

Wajen haɗa kaya, a bincika ko ana ba da zanen gado da tukwane, domin wurare da dama ba sa bayarwa. Tufafi kuwa a sa su hawa-hawa: na ciki mai tsane gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai hana iska da ruwa. Auduga idan ta jiƙe tana riƙe sanyi a jiki, don haka kowane yaro ya tafi da safa da safar hannu fiye da yadda ake zaton zai buƙata. A riƙe maganin tsofaffi na ƙarin kwana biyu, saboda guguwar ƙanƙara tana iya rufe hanya. A sauke taswira a waya tun daga gida, tunda sabis yakan ɗauke a cikin daji, kuma a yi ƙoƙarin isa da rana, don a jihohin arewa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a ƙarshen Disamba.

Maganar wuta ita ce wadda ba ta son wasa ko kaɗan. Kada a shigo da gawayi ko murhun gashi cikin ɗaki don jin ɗumi, kada kuma a kunna janareta kusa da taga. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, kuma idan mutane da yawa suka ji su a lokaci guda, a fita waje nan take a kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Ƙaramar na'urar gargaɗi mai batir ba ta da tsada, a tafi da ita. Itacen hura wuta kuma a saya a gandun ko kusa da shi. New York ta hana ɗaukar itacen da ba a gasa shi don kashe ƙwari ba fiye da mil 50, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa, irin wanda aka gano a Michigan a 2002 ya hallaka miliyoyin itatuwa.

Girki a raba shi gida-gida, kowane gida da ranarsa, don kada hutun ya zama wahalar mata biyu. Abincin daren farko a dafa shi daga gida, a ɗumama kawai.

Da rana ba sai an cika jadawali ba. Fita ɗaya ta wadatar, ko zamiya a kan tudu kamar yadda ake yi a Blackwater Falls ta West Virginia, ko tattaki zuwa mafarin kogin Mississippi a gandun Itasca na Minnesota da aka kafa a 1891. Yara za su so taka tafkin da ya daskare, amma hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota tana ba da shawarar kada a taka sai sabuwar ƙanƙara garau ta kai kaurin inci 4, kuma ma'aikatan gandun ne za a tambaya kafin kowa ya sauka. Idan yaro ya dawo da yatsu fari fat babu ji, kada a murza su, kada a kanga su a wuta. A tsoma su cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, sannan a nemi likita.