Darasi Na Bakwai: Yadda Babbar Manhaja Take Sanin Kayan Da Ke Cikin Kwamfuta

Kafin a fara wannan darasi, kowane rukunin ɗalibai ya tanadi kwamfuta ɗaya mai aiki, ko ta tebur ko laftof, da littafin rubutu da biro. Lambobin da za a gani a allo suna da yawa, ba a riƙe su da ka.

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, manhaja iri biyu ne suke karɓar aiki, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana cikin wani ɗan ƙaramin cip da aka liƙa a jikin bod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta suke haɗe a kansa, tun daga masana'anta. Ita ce masu gyara suke kira BIOS, kodayake a kwamfutocin yanzu UEFI ce ta maye gurbinta. A nan za mu riƙa ce mata manhajar bod. Ta biyu ita ce babbar manhaja, wato Windows ko Linux, wadda take zaune a kan faifan ajiya.

Windows guda ɗaya ake sakawa a dubban nau'o'in kwamfuta, kuma ba a rubuta ta don bod ɗinku kaɗai ba. Idan ta tashi, kamar sabon sarkin kasuwa take, wanda bai san rumfunan ba tukuna: sai an miƙa masa kundin da aka rubuta kowace rumfa da mai ita da iyakarta. Manhajar bod ce take riƙe da wannan kundi. Abin da ta rubuta a ciki shi babbar manhaja take ɗauka, ko daidai ne ko kuskure.

Abubuwan da ake rabawa

Kowace na'ura a cikin kwamfuta tana buƙatar rabonta kafin ta yi aiki. Na farko shi ne layin kira, wanda ake rubutawa IRQ. Da shi na'ura take ankarar da furosesa, wato cip ɗin da yake aiwatar da umarni, cewa tana da saƙo. Na biyu adireshin ƙofa, wato lambar da furosesa take aika umarni ta cikinta. Na uku yanki ne daga jerin adireshin ma'adana, jerin da RAM, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, take amfani da shi. Na huɗu tashar DMA, wadda take ba na'ura damar kwasar bayanai zuwa RAM ba tare da furosesa ta ɗauki kowane ɗaya da kanta ba.

Wasu daga cikin lambobin nan an kafa su tun zamanin kwamfutocin IBM na shekarun 1980, kuma har yau suna nan. Kibod yana kan IRQ 1 da ƙofofi 60 da 64. Agogon bod yana kan IRQ 8 da ƙofofi 70 da 71. Tsohuwar ƙofar COM1 tana kan IRQ 4 da adireshi 3F8. A wancan zamani layukan kira 16 ne kacal, kuma da hannu ake saita katin ƙari, kamar na sauti, kafin a soka shi a bod. In kati biyu suka faɗa layi ɗaya, ɗaya ya daina aiki ko kwamfutar ta daskare. Wannan wahalar ce ta sa aka mayar da rabon hannun manhaja.

Kundin da ake kira ACPI

A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, kuma tun 2013 ƙungiyar UEFI Forum ce take kula da ita. Ƙa'idar ta ce manhajar bod ta jera wasu tebura na bayani a cikin RAM kafin ta miƙa mulki. Babbar manhaja tana fara neman wata alama da ake kira RSDP. Wannan alama ce take nuna mata babban jeri, RSDT ko XSDT, shi kuma ya nuna sauran. Teburin MADT yana faɗin yawan furosesa da masu kula da layukan kira. MCFG yana faɗin inda za a samu bayanan na'urorin PCI Express, wato sabon nau'in PCI, hanyar da katuna irin na hoto da na Wi-Fi suke haɗuwa da bod. FADT yana ɗauke da bayanan wuta, kuma shi ne yake nuna hanyar zuwa DSDT, wanda ya fi dukkansu muhimmanci ga mai gyara.

A tsaya a kan DSDT, domin a nan ne yawancin rikici yake ɓuya. Ba jerin lambobi kawai ba ne. A cikinsa akwai 'yan gajerun shirye-shirye da masu ƙera bod suka rubuta da wani yare mai suna ASL aka juya su zuwa AML, kuma babbar manhaja ce take karanta su ta aiwatar. Da su take yin tambaya a kan kowace na'ura, kuma kowace tambaya tana da suna mai harafi huɗu da ke farawa da ɗan layi a ƙasa.

Da _HID babbar manhaja take tambayar na'ura wace ce ita. In amsa ta zo PNP0303, kibod ne. PNP0C0A batir ne, PNP0C0D murfin laftof, PNP0C0C maɓallin kunnawa. Da wannan lambar ake zaɓar direban da ya dace, wato 'yar manhajar da take sarrafa na'urar. Sai _STA, wadda take faɗin ko na'urar tana nan kuma an kunna ta. In _STA ta ce babu ita, babbar manhaja ba ta ƙara bi ta kanta, ko da na'urar tana nan lafiya lau a jikin bod. Daga nan sai _CRS, mai faɗin rabon da na'urar take riƙe da shi yanzu, da _PRS, mai faɗin sauran rabon da za ta iya karɓa. In babbar manhaja ta ga na'ura biyu suna neman abu ɗaya, sai ta duba _PRS ta zaɓi wani, ta aika da shi ta hanyar _SRS.

Ta wannan hanya ake karanta batir da zafi. _BST ce take faɗin cajin da ya rage da ko ana caji, _TMP kuma take faɗin zafi. Lissafin zafin yana da 'yar dabara: a cire 2732 daga lambar da ta fito, a raba da 10. In ta ce 3232, zafin digiri 50 ke nan. Akwai kuma _CRT, iyakar da in zafi ya kai ta babbar manhaja take kashe kwamfuta don kada ta ƙone. Laftof da take mutuwa da kanta a watannin zafi, musamman wadda ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, sau da yawa kariyar zafi ce take aikinta. A share ƙurar, a sake man da ake shafa wa furosesa don fitar da zafi, kafin a taɓa manhaja.

Na'urorin PCI da na USB suna faɗin sunansu da kansu. Babbar manhaja tana bin ramukan PCI ɗaya bayan ɗaya tana karanta lambar kamfani: 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 10DE Nvidia. In ta karanta FFFF, ramin babu kowa. Duk da haka manhajar bod ce take faɗin iyakar adireshin da za a raba musu, kuma teburin _PRT ne yake faɗin layin kiran da kowane rami zai bi.

Aikin hannu

A kan Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msinfo32, a danna Enter. A rubuta abu biyu a littafi: layin BIOS Version/Date, da layin BIOS Mode, wanda zai nuna UEFI ko Legacy. A gefen hagu a buɗe Hardware Resources, a duba IRQs, sannan Conflicts/Sharing. Kada a tsorata in an ga na'urori da yawa a nan. Na'urorin PCI an ƙera su su iya raba layi ɗaya, kuma na zamani suna aika kiransu ne a matsayin saƙo, shi ya sa wasu lambobin IRQ suke fitowa da tsawo ko da alamar ragi a gabansu.

Bayan haka a sake danna Windows da R, a rubuta devmgmt.msc don buɗe Device Manager. A menu na View a zaɓi Resources by type, a nemo kibod, in ba na USB ba ne, a tabbatar yana kan IRQ 1. Sai a koma jerin farko, a danna wata na'ura sau biyu, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar da ta fara da ACPI daga manhajar bod ta fito. Wadda ta fara da PCI, harufa huɗun da ke bayan VEN su ne kamfani, na bayan DEV kuma samfurin na'urar. Da waɗannan ake neman direba, ba da sunan da aka liƙa a jikin laftof ba, domin laftof ta hannu sau da yawa an sauya mata katin Wi-Fi.

Masu Linux su rubuta lspci -nn don ganin na'urorin PCI da lambobinsu, da cat /proc/interrupts don layukan kira, da sudo dmesg don karanta abin da babbar manhaja ta tarar lokacin tashi. Teburan ACPI suna cikin /sys/firmware/acpi/tables.

In an ga alamar rawaya

Alamar rawaya a Device Manager tana zuwa da lamba, kuma kowace lamba tana da ma'anarta. Code 28 yana nufin ba a saka direba ba, gyaransa shi ne direba kawai. Code 22 yana nufin wani ya kashe na'urar a cikin Windows, sai a kunna ta. Code 10 yana nufin na'urar ta kasa tashi, Code 43 kuma direba ya ba da rahoton matsala har Windows ta tsayar da ita. Waɗannan biyun suna iya fitowa daga direba ko daga na'urar da ta lalace.

Code 12 shi ne na wannan darasi: ba a samu isasshen rabon da za a ba na'urar ba. Ya fi faruwa in an ƙara katin hoto mai neman babban yankin ma'adana a kan tsohuwar bod. A shiga saitin manhajar bod lokacin kunnawa. A yawancin Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a ThinkPad F1, a kwamfutocin tebur da yawa Del. A kashe abin da ba a amfani da shi, kamar ƙofar COM da ta firinta ta da, a kunna Above 4G Decoding in akwai shi.

Muna jan hankalin ɗalibai a kan fomat. Masu gyara da yawa suna goge Windows da zarar kyamara ko Bluetooth ko katin sauti ya ɓace, mai kwamfuta ya yi asarar takardunsa, matsalar kuma ta dawo yadda take. In na'ura ba ta fito a Device Manager ba sam, ko da alamar rawaya, sabuwar Windows za ta yi wa manhajar bod tambayar da tsohuwar ta yi, ta samu amsa iri ɗaya. A fara duba saitin manhajar bod a ga ko an kashe na'urar a can, sannan a duba wayarta ko raminta.

In saiti yana komawa yadda yake duk lokacin da aka cire wuta, agogo kuma yana nuna tsohuwar shekara, ƙaramin batirin bod ne ya mutu. A yawancin kwamfutocin tebur CR2032 ne mai volt 3. A auna shi da mita, a sauya shi, a gyara kwanan wata, a sake saitin. A lura da saitin faifai: in ya sauya tsakanin AHCI da RAID ko IDE, Windows tana iya ƙin tashi da shuɗin allo, alhali faifan bai yi komai ba.

Wani lokaci kuskuren yana cikin DSDT ɗin kansa, misali laftof ta ƙi farkawa daga barci ko batir ya riƙa nuna lissafin da ba shi ba. Maganinsa sabunta manhajar bod daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da fayil ɗin samfurinta daidai, harafi da harafi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, bod ɗin tana iya ƙin tashi gaba ɗaya har sai an sake rubuta cip ɗin da na'ura ta musamman. Don haka laftof ta kasance da cikakken caji kuma caja a jone, kwamfutar tebur kuma a ɗora ta a kan UPS ko inbata, ba a kan janareta mai ƙarancin mai ba. In BitLocker, wato makullin faifai na Windows, yana kunne, a dakatar da shi ko a tanadi lambar buɗewarsa mai lambobi 48 tukuna.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya kawo lambobin Hardware Ids na na'ura uku daga kwamfutar da yake amfani da ita, ya ware wadda ta fara da ACPI da wadda ta fara da PCI, ya rubuta sunan kamfanin kowace ta PCI a gefenta.